Dutse a ƙarƙashin kujerar sarki: yaushe kayan sarauta ke zama shirka?

A watan Afrilun 2023, da fadar Buckingham ta fitar da katin gayyatar bikin naɗin Sarki Charles na Uku, abin da ya tsone wa wasu ido wata fuska ce da aka zana a can ƙasan katin, fuskar mutum mai gashi da gemu na ganyaye, wadda Turawa ke kira Green Man. Wasu Kiristoci suka ce an shigo da abin bautar mutanen da cikin bikin da za a yi a ɗakin ibada. Ƙurar ba ta lafa ba sai ga labarin wani dutse mai nauyin kilo 152 da aka ɗauko daga Sikotlan cikin tsaro don a sa shi ƙarƙashin kujerar da sarki zai zauna, ga kuma man zaitun da aka yi wa addu'a a birnin Ƙudus don a shafa masa a bayan labule. Mutane da yawa da suka kalli bikin ranar 6 ga Mayu, Musulmi da Kirista, sun yi ta tambaya: wannan tarihi ne, ko tsafi ne aka yi wa ado?

Tambayar ba ta Birtaniya kaɗai ba ce. Ta taso a Japan a 2019, kuma tana tasowa a Ghana da ƙasar Yarabawa kusan duk lokacin da aka naɗa sarki ko aka binne shi. Abin da ke dagula muhawarar shi ne ana haɗa abubuwa mabambanta a yi musu kuɗin goro: abin da aka ajiye don tunawa, da abin da ake neman albarkarsa, da abin da ake yi wa ibada kai-tsaye.

Mece ce shirka, mece ce alama

A wurin malaman Musulunci, shirka ita ce a ba wanin Allah abin da yake haƙƙin Allah ne shi kaɗai: a yi masa sujada ta ibada, ko yanka, ko bakance, ko a roƙe shi abin da Allah ne kaɗai ke bayarwa, ko a ƙudurce cewa yana amfanarwa ko cutarwa da ikon kansa. Wannan ita ce babbar shirka da aya ta 48 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kanta. Akwai ƙarama wadda ba ta fitar da mutum daga addini, kamar rantsuwa da wanin Allah, ko riƙon wani abu a matsayin sanadin alheri alhali shari'a ba ta sanya shi sanadi ba, hankali ma bai tabbatar ba. A wurin Yahudawa da Kiristoci tushen hukuncin yana cikin babi na 20 na Littafin Fitowa, inda aka hana sassaƙa gunki, aka hana rusuna masa ko bauta masa.

Alama kuwa abu ne da ke nuni ga wani abin dabam, kamar tuta ko hatimi ko sandar girma. Ba a jiran komai daga gare ta sai isar da saƙo. Tsakanin waɗannan biyu akwai tabarruki, wato neman albarka ta hanyar abin da ya shafi wani bawan Allah ko wuri mai tsarki. A wannan tsakiyar ne mafi yawan rigimar take, kuma a nan ne malamai su kansu suka rabu.

Asalin abu ba shi ke yanke hukunci ba

Hujjar da aka fi ji ita ce "ai asalinsa na masu bautar gumaka ne". Wannan hujja tana da matsala biyu. Ta farko, sau da yawa labarin asalin bai da tushe mai ƙarfi. Fuskokin ganyen nan an fi samun su a jikin tsofaffin majami'un Turai, magina Kiristoci ne suka sassaƙa su, kuma wata marubuciya mai suna Lady Raglan ce a 1939 ta yaɗa sunan Green Man tare da danganta su da wani abin bautar mutanen da, ra'ayin da masana tarihi da dama ba su yarda da shi ba a yau. Shi ma dutsen nan na Sikotlan, wanda ake kira dutsen Scone, akwai almarar da ke cewa shi ne wanda Annabi Yaƙub (AS) ya yi matashin kai da shi, amma masana duwatsu sun nuna jan dutse ne irin na kewayen garin Scone ɗin kansa. Tarihinsa na zahiri na siyasa ne: Sarki Edward na Ɗaya ya ƙwace shi a 1296 don ya nuna ya murƙushe Sikotlan, ɗalibai huɗu suka sace shi daga majami'ar Westminster ranar Kirsimetin 1950 don su nuna ƙasarsu ba ta manta ba, sai a 1996 aka mayar da shi gida.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Ko da an tabbatar cewa masu bautar gumaka sun taɓa amfani da abu, hakan bai isa ya haramta shi har abada ba. Wasu Sahabbai sun ji nauyin yin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa saboda abin da ake yi a wurin a zamanin Jahiliyya, sai aya ta 158 ta Suratul Baƙara ta sauka ta ce wuraren biyu suna cikin alamomin addinin Allah. Da Manzon Allah (SAW) zai rubuta wa sarakunan duniya wasiƙu, aka gaya masa ba sa karanta takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa mai ɗauke da sunansa. Al'adar fadojin Rum da Farisa ce, ya ɗauke ta don amfaninta. A ɓangaren Kirista kuma, a shekara ta 601 Paparoma Gregory ya rubuta wa masu wa'azinsa a Ingila cewa su rushe gumaka amma su bar gine-ginen, su mayar da su majami'u.

Juyin maganar shi ma gaskiya ne, kuma shi ne abin da masu kare al'ada kan yi saurin tsallakewa: abu mai tsarkin asali yana iya komawa gunki. Littafin Sarakuna na Biyu, babi na 18, ya ba da labarin Sarki Hezekiya da ya farfasa macijin tagullar da aka ce Annabi Musa (AS) ne ya ƙera, saboda mutane sun koma suna ƙona masa turare. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS), su Waddu da Suwa'u, asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka kafa musu siffofi a wuraren zamansu don tunawa, kuma ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka san dalilin suka ƙare, ilimi ya ɓace. Tarihin Kano ma ya adana labarin Dirki, wani ƙunshi da aka naɗe da fatu ake yi wa yankan shanu, wanda da Sarki Alwali ya sa aka sare shi da gatura, sai aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Ba abin da ya fi abin da ke cikin ƙunshin tsarki, amma jinin da ake zubar masa ya mayar da shi wani abu dabam.

Don haka tambayar da ta fi "daga ina ya fito?" amfani ita ce: me ake yi masa, me ake tsammani daga gare shi, kuma me ake jin zai faru idan babu shi?

Masu tsanantawa da masu sassautawa

Masu ganin a nisanci waɗannan kaya ba a kan asali kawai suka dogara ba. Babbar hujjarsu ita ce toshe kafar ɓarna, ƙa'idar da mazhabar Malikiyya ta shahara da ita. Sukan kawo hadisin Zatu Anwaɗ da Tirmizi ya ruwaito: a hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci suka ga bishiyar da mushrikai ke rataye makamansu don neman albarka, suka roƙi a sanya musu irinta, Manzon Allah (SAW) ya kwatanta roƙon nasu da na mutanen Annabi Musa da suka ce a yi musu abin bauta. Abin lura a nan, ba bishiyar suka ce za su bauta wa ba, albarkar makamai suke nema, wanda kusan shi ne abin da ake cewa game da takubba da masun sarauta. Sukan ƙara da aya ta 3 ta Suratuz Zumar, inda mushrikai suka ce ba sa bauta wa gumaka sai don su kusantar da su ga Allah, don nuna cewa faɗin "ai alama ce kawai" tsohon uzuri ne. A wurinsu, malami ko sarki yana iya sanin cewa takobi ƙarfe ne, amma talakan da ya ga ana sumbantar sa ana rufe shi da alharini ba lallai ya sani ba.

Irin wannan ra'ayi ya taɓa samun iko a Ingila. Bayan an fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a 1649, majalisa ta ba da umarnin a narkar da kambuna da sandunan sarauta ko a sayar. Mafi yawan kayan da aka gani a 2023, har da kambi mai nauyin sama da kilo biyu, an ƙera su ne a 1661 domin Charles na Biyu. Cikin ɗan abin da ya tsira daga tsofaffin akwai wani cokali na ƙarni na 12, wanda a cikinsa ake zuba man shafawa.

Masu sassautawa su ma da ayarsu suke tafe. Aya ta 248 ta Suratul Baƙara ta ce alamar sarautar Ɗalutu ita ce zuwan akwatin da ke ɗauke da natsuwa daga Ubangiji da sauran abin da iyalan Musa da Haruna suka bari. Ke nan, in ji su, Alƙur'ani da kansa ya ambaci tsofaffin kayan gado a matsayin shaidar sarauta. Sukan tuna cewa zoben Manzon Allah (SAW) ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, cewa halifofin Abbasiyawa sun riƙe mayafin da ake danganta wa Annabi a matsayin alamar halifanci, kuma sarakunan Daular Usmaniyya ɗaura musu takobi ake yi a unguwar Ayyub da ke Istanbul maimakon sanya kambi. A Malesiya har yau sabon sarki yana karɓar Alƙur'ani da wuƙar sarauta ya sumbance su. Ƙa'idarsu ita ce ayyuka da niyyoyinsu suke, kuma al'ada halal ce sai in ta ci karo da nassi. Maganar Umar ga Hajarul Aswad ta zama madogara a wurinsu: ya sumbance shi yana cewa ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa.

Saɓanin tsoho ne, kuma na manya. Imam Nawawi yana ganin halaccin neman albarka da abin da salihai suka bari, Imam Shaɗibi kuwa ya yi nuni da cewa Sahabbai ba su yi hakan da kowa ba bayan Annabi, ko da Abubakar. Kiristoci ma haka suka rabu: taron limamai na Nikiya a shekara ta 787 ya bambanta girmamawa da bauta, ya halatta ta farko ga hotuna masu tsarki, amma da yawa daga cikin Furotesta suna ganin bambancin a takarda yake, a aikace ba ya tsayawa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika saurara ba, wato mabiya addinan gargajiya. Su ba su yarda da kalmar "gunki" ba tun farko. Suna cewa nasu addini ne mai 'yanci kamar kowane, kuma kujerar da ake rigima a kanta kakanninsu ne suka kafa ta da waɗannan sharuɗɗa, wanda bai iya ba ya bar ta.

Inda ibada ce ƙarara

Wasu bukukuwan ba sa buƙatar dogon tawili, domin masu yin su ba su ɓoye komai ba. A daren 14 zuwa 15 ga Nuwamban 2019, Sarki Naruhito na Japan ya shiga wasu ɗakunan katako da aka gina don wannan dare kaɗai, ya miƙa sabuwar shinkafa da giyar shinkafa ga Amaterasu, allahiyar rana da addinin Shinto ke ɗauka kakar gidan sarautar, ya yi addu'a, ya ci tare da ita. Gwamnatin Japan kanta ta amince cewa bikin yana da siffar addini. A Tailan, a Mayun 2019, limaman Barahama (na addinin Hindu) da na Buda ne suka jagoranci wankan tsarkake Sarki Vajiralongkorn da ruwan da aka ɗebo daga sassan ƙasar, a tsarin da tushensa ke ɗaukar sarki a matsayin mai alaƙa da alloli.

A wurin Asante na Ghana, Kujerar Zinariya ba wurin zama ba ce. Suna ƙudurce cewa ta sauko daga sama a zamanin Sarki Osei Tutu, kuma ran al'ummar duka yana cikinta, shi ya sa ko sarki ba ya zama a kai. Gwamnan Birtaniya Frederick Hodgson da ya nemi a kawo masa ita ya zauna a 1900, yaƙi ya jawo wa kansa, wanda wata basarakiyar Asante mai suna Yaa Asantewaa ta jagoranta. Ga kuma baƙaƙen kujerun sarakunan da suka shuɗe, waɗanda ake yi wa zuba da yanka a ranakun Adae. Da ma'aunin Musulmi ko na Kirista mai bin nassi, a nan an wuce alama, an shiga roƙo da yanka ga wanin Allah. Wannan hukunci ne a kan aikin. Hukunta mutumin da ya halarta kuwa mas'ala ce dabam, wadda malamai ke duba sani da niyya da tilastawa a cikinta.

Man shafawa da ikon sarki

A bikin Birtaniya, ba dutsen ko zanen katin ne ya fi cancantar nazari ba, man ne. An matso shi daga zaitun Dutsen Zaitun, manyan limamai biyu suka yi masa addu'a a Ƙudus a watan Maris na 2023, sannan Babban Limamin Canterbury ya shafa wa sarki a hannuwa da ƙirji da kai, a bayan shamakin da ya hana kyamarori gani. Wannan ibada ce ta Kirista, ana koyi ne da labarin shafa wa Annabi Sulaiman (AS) mai a Littafin Sarakuna na Ɗaya, kuma addu'ar ga Allah ake fuskantar da ita, ba ga man ba. Saɓanin Musulmi da ita saɓanin aƙida ne da Kiristanci gaba ɗaya, ba batun tsohon tsafi ba.

Amma tarihin wannan mai ya nuna yadda iyaka ke gushewa. A da an yarda cewa sarkin da aka shafa wa mai yana warkar da wata cutar kumburin wuya da taɓawar hannunsa, har Charles na Biyu ya taɓa sama da mutum 90,000 a mulkinsa. Al'adar ba ta mutu a Ingila ba sai da Sarauniya Anne ta rasu a 1714. Faransawa kuma sun yi ta cewa kurciya ce ta sauko da kwalbar man sarakunansu daga sama, har masu juyin juya hali suka fasa ta a bainar jama'a a birnin Reims a 1793. Bikin bai sauya sosai ba tun wancan lokaci, abin da mutane ke tsammani daga gare shi ne ya sauya.

Tambayar "me zai faru idan babu shi?" tana da amsa a fili a nan. Charles ya zama sarki ne ranar 8 ga Satumban 2022, a daidai lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, wata takwas kafin a shafa masa komai. Edward na Takwas ya yi sarauta a 1936 ya sauka ba tare da an taɓa sa masa kambi ba, kuma ba wanda ya ce ba sarki ba ne. Zoben Annabi ma ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Usman, aka nema ba a samu ba, aka ƙera wani. Inda kuwa ake jin cewa in an tsallake yanka ko an rasa wani ƙunshi to sarki zai mutu ko ƙasa za ta yi fari, a nan an riga an jingina wa abin iko.

Yadda abin ke shafar talaka

Farko dai aljihunsa. Bikin naɗin Charles ya ci wa gwamnati fam miliyan 72, a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci ba su kai rabin mutanen Ingila da Wales ba. A Japan an ware kimanin yen biliyan 2.7 don bikin daren nan, abin da ya sa mutane sama da 200, cikinsu har da Kiristoci da limaman Buda, suka kai ƙara suna cewa tsarin mulkin 1947 ya raba addini da gwamnati. Ƙanin sarkin ma, Yarima Akishino, ya fito fili a 2018 ya nuna shakkarsa kan biyan kuɗin daga baitulmalin jama'a. Kotuna ba su hana bikin ba.

Sai ɗan sarkin da gadon ya zo kansa alhali imaninsa bai yarda da sharuɗɗan ba, da talakawan da ke rabuwa biyu a kansa. A Satumban 2013 Olu (wato sarki) na Warri, Atuwatse na Biyu, ya sanar da cewa ya ajiye laƙabin Ogiame saboda yana da alaƙa da abin bautar ruwa, mutanen Itsekiri suka yi dafifi a ƙofar fada suna zanga-zanga, cikin 'yan kwanaki ya janye. A jihar Ogun doka ce ta shiga tsakani: dokar sarakuna ta 2021 ta ba da damar a binne sarki bisa addininsa. Da Awujale na Ijebu, Sikiru Adetona, ya rasu ranar 13 ga Yulin 2025 bayan shekara 65 a kan karaga, an yi masa jana'izar Musulunci, jami'an tsaro suka hana masu gargajiya karɓar gawar, su kuma suka yi barazanar zuwa kotu. Kowane ɓangare yana ganin 'yancin addininsa ne aka taɓa.

Wasu masarautun sun zaɓi su ajiye kayan su bar ibadar. Suwidin ba ta sake sa wa sarki kambi ba tun 1873, Norwe tun 1906. A Denmak, ranar 14 ga Janairun 2024, Firaminista Mette Frederiksen ce ta fito barandar fadar Christiansborg ta shelanta Frederik na Goma a matsayin sarki, babu mai, babu kambi a kai. Kambunan suna nan a fadar Rosenborg a cikin gilashi, masu yawon buɗe ido suna sayen tikiti su kalla.